Darduma ta Uku

Janar Tuhami Jalasi, babban hafsan sojan ƙasa, ya ga ministocin tsaro iri-iri, amma bai taɓa tsanar wani kamar yadda ya tsani Naziha Bin Sulaiman ba. Tun da aka yi juyin juya hali muka fara zaɓen masu mulkinmu ake aiko masa da farar hula bayan farar hula, kowa ya zo ya ɗumama kujera, ya sha gahawa, ya kama gabansa. An yi malamin jami'a, an yi wani likitan ido mai gyangyaɗi a taro, duk ya iya zama da su. Wannan kuwa lauya ce da ta ƙare rabin rayuwarta a shari'ar gado da rikicin iyakar gonakin zaitun, kuma ba ta baro halin kotu a kotu ba. In ka ce mata an kusa, sai ta tambaye ka kusa da me. Hafsoshi a bayan idonta Lauyar Gado suke kiranta. Ita ma ba ta rage musu ba, don ta taɓa cewa a bainar jama'a taurarin da ke kafaɗar janar talaka ne ya saya masa da harajinsa. Ko Janar ɗin ba ta kiransa. Si Tuhami take ce masa, wato Malam Tuhami, kamar wani maƙwabcinta mai kanti, shi kuwa abin nan yana ci masa rai fiye da zagi.

Dole ce ta haɗa su. Shekaru ke nan ana yaƙi a Dutsen Ragba, can yamma wajen iyaka, inda 'yan bindiga suka yi kaka-gida cikin dajin sanaubar, wasu dogayen itatuwa masu 'ya'yan ci, suka shuka nakiyoyi a kowace hanya. Tsarin mulki kuma ya ce ba a kai babban farmaki sai ministan farar hula ya sa hannu. Janar Tuhami ya yi rantsuwa a kan wannan tsari, kuma ba ya cikin masu mafarkin tankoki a ƙofar majalisa. Shi dai a ganinsa sa hannu daban, yanke shawara daban. Na farko ya bar wa farar hula, na biyu ya riƙe abinsa.

Dabarar riƙewar kuwa a shagon mahaifinsa ya koye ta, wani mai sayar da darduma a tsohuwar kasuwar Kairawan. Tsohon ba ya nuna wa mai saye darduma ɗaya. Uku yake shimfiɗawa. Ta farko kodaddiya, wadda mutum zai ji kunyar kai ta gida. Ta uku ta alharini, wadda jin kuɗinta kaɗai ya isa ya sa mutum ja da baya. A tsakiya sai wadda yake son sayarwa tun asali. Mai saye zai tafi yana yabon idonsa, tsohon ya bi shi da addu'a. Haka Janar yake wa ministoci. Duk lokacin da za a yanke shawara sai ya kawo hanyoyi uku: ɗaya ya sa mata rigar tsoro, ɗaya ta hauka, ɗaya ta mutanen kirki. Babu ministan da ya taɓa tsallake ta tsakiya, har ita Lauyar Gadon da kaifin bakinta. Bara ma ta tsakiya ta ɗauka, aka tura ƙaramar runduna ta kama maɓuɓɓugar ruwa ta Ain Salsala, aka yi musu kwanton ɓauna, aka sauko da gawarwaki cike da mota. Ita ta bi gida-gida ta'aziyya. Janar bai je ko ɗaya ba, ya ce wannan aikin 'yan siyasa ne.

Ranar da abin ya juye da shi, kaka ta tsaya, sanyi na tafe. Aka zauna a ɗakin taswira na ma'aikata da hantsi. Janar ya miƙe da sandarsa ya shimfiɗa hajarsa. Hanya ta farko, a kewaye dutsen a toshe musu abinci, a zauna jiran ƙanƙara ta koro su. Ya faɗe ta yana yatsina, ya ƙara da cewa jaridu za su ce sojan ƙasa ya koma mai gadi. Ta biyu, a ci gaba da ruwan atilare da jirage masu saukar ungulu, a faɗaɗa yankin da aka hana farar hula shiga. Wannan ya faɗe ta a natse, kamar mai ba ɗansa shawara. Ta uku, a ɗauki birged ɗin yamma gaba ɗaya a haura da ƙafa ta Mashigin Akuya, a share dutsen kafin ƙanƙara ta sauka. Wannan ya jefo ta ne kawai yana duba agogo, don ransa ya riga ya tafi ga kifin da aka ce an gasa masa a gidan hafsoshi.

Minista ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce ta tsakiyar nan ta sa mata hannu har ta gaji, kuma dutsen yana nan inda yake. Ta ce atilare ya ƙone rabin dajin, mutanen ƙauyukan gindin dutse da ke rayuwa da tsintar 'ya'yan sanaubar na kunun Mauludi sun rasa abin yi, 'ya'yansu kuma sun fara haurawa wajen 'yan bindiga don cikinsu. Majalisa ta kira ta, kuma ba za ta sake zuwa ta ce musu an kusa ba. Sai ta nuna Mashigin Akuya da bakin alƙalami.

"Wannan fa, Si Tuhami? Sojanka zai iya?"

A nan ne ya kamata ya ce a'a. Kalma ɗaya ce, kuma ita ce gaskiya. Amma ɗakin cike yake da ƙananan hafsoshi da 'yan farar hula masu rubuce-rubuce, matar kuma ta yi tambayar tana masa wani kallo mai kama da tausayi. Mutumin da ya tsufa a kaki bai saba cewa ba za mu iya ba a gaban wadda ba ta san nauyin bindiga ba. Ya ji bakinsa ya riga shi.

"Ranki ya daɗe, babu abin da sojana ba zai iya ba."

"To, madalla. Ita na zaɓa."

Ta sa hannu, ta tattara takardunta, ta fita. Janar ya tsaya da sanda a hannu. Kifin ranar bai ci shi ba.

Da farko bai ɗauki abin da zafi ba, don ya san yadda ake kashe umarni ba tare da an ƙi shi ba. Ya aika cewa man motoci ba zai isa ba. Ta ɗaga waya ta yi wa ministan kuɗi tatas, kafin mako ya zagayo tankokin mai sun kama hanyar yamma. Ya ce takalman sojoji ba na hawan dutse ba ne. Ta sa aka buɗe wani sito da shi kansa ya manta da shi, aka fito da takalma sababbi fil. Ya ce masana yanayi suna tsoron hazo. Ta kira masanan ofishinta ta yi musu tambayoyin kotu har suka amsa cewa sama za ta yi garau. Duk ramin da ya haƙa sai ta cike shi, kuma kowane cikewa sai ta aiko masa da gaisuwa a tambaye shi ko da saura. Ya tabbata a ransa cewa ta gano dabararsa, so take ta ga ya durƙusa. Wannan tunani ya ƙara masa taurin kai. Ya rantse ba zai ba Lauyar Gado wannan daɗin ba.

Da ranar farmakin ta matso ya hau jirgi ya tafi barikin gindin dutse. Mai riƙe da birged ɗin yamma shi ne Kanar Munji Daridi, wanda Janar ya horar da hannunsa tun yana ƙaramin hafsa, mutum mai ƙarancin magana da ya bar yatsu biyu a dutsen nan. Kanar ya tarbe shi ya sara masa yadda ya kamata, ya kai shi ofis, ya rufe ƙofa, ya zuba masa shayi da na'a-na'a. Sai ya tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, wane maƙiyin Allah ne ya kai maganar Mashigin Akuya babban birni.

Janar ya yi ta kame-kame. Ya ce 'yan siyasa ne, ya ce matar nan ba ta jin magana. Kanar ya bar shi ya gama, sa'an nan ya tuna masa abin da dukansu suka sani. Mashigin ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu a jere. Nakiyoyin ciki da robar man girki da takin zamani ake haɗa su, na'urar neman ƙarfe ba ta jin su. Makiyaya ma sun daina bi da awakinsu. Duk wanda ya shiga, na sama suna kallonsa kamar tafin hannu.

"Sidi, ni na san darduma ta uku in na gan ta. Sau nawa na taya ka naɗe ta? Ba ta sayarwa ba ce. Yaya aka yi aka saya?"

Janar ya ce masa ya iya bakinsa. Ya tambaye shi ko nufinsa zai ƙi umarni ne.

"Ni? Allah ya kiyaye. Minista ta sa hannu, doka ta ba ta. In na ƙi yau, gobe wani kanar zai ƙi nasa, jibi mu wayi gari kowa da rundunarsa da ƙasarsa. Zan shiga, kuma ni ne a gaba, don ba zan tura 'ya'yan mutane in tsaya ina leƙe da madubin hangen nesa ba. Amma ita ba ta san abin da ta saya ba, Sidi. Kai ka sani."

Ya fita ya bar Janar da shayin da ya huce.

Abin da ya biyo baya a zuciyar Janar Tuhami ba abin alfahari ba ne, amma haka aka yi. Ya zauna ya auna wata hanya ta huɗu da bai shimfiɗa wa kowa ba. A bar kamfani na farko, rukunin sojojin da ke gaba, ya shiga. Nakiya ta tashi, a rasa mutum goma ko ashirin, sai ya ba da umarnin ja da baya, ya koma babban birni da fuskar jimami ya ce ga abin da ke faruwa in lauya ta ja ragamar yaƙi. Majalisa za ta cinye ta ɗanya. Wanda zai gaje ta kuwa har ya bar kujerar ba zai sake kallon darduma ta uku ba. Lissafin ya fita daidai ta kowane gefe, har ya ji wani sanyi a ransa. Abu ɗaya ne ya ƙi shiga lissafin, wato Munji ya ce shi ne a gaba, kuma Munji ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Washegari da safe ya fito zagayen bariki. An jera motoci, an raba harsashi. Sojojin kamfani na farko suna zaune a ƙasa suna dangwala burodi a man zaitun da yajin harisa, suna tsokanar wani saje da aka ce ya yi wa matarsa wasiyya ta waya ta ce ya fara faɗa mata inda ya ɓoye makullin babur. Da suka ga Janar suka miƙe zumbur. Ya lura kowannensu ya rubuta rukunin jininsa da alli a kan sababbin takalman nan, ƙafar dama da ta hagu, kowacce daban. Ba wanda ya umarce su. Sun dai san abin da mashigin yake yi wa ƙafafu, sun kuma san ba lallai a tsinci biyun wuri ɗaya ba. Janar ya amsa gaisuwarsu ya wuce da sauri.

Kafin azahar motar Minista ta shigo da ƙura. Ta ce ba za ta tura mutane dutse tana zaune a ofis mai sanyi ba. Ta fito da baƙin mayafi da takalmi maras tsini, ta ƙi kujerar da aka kawo mata, ta wuce tantin taswira kai tsaye. Janar ya nemi a ba su wuri. Kowa ya fita, sai Kanar Munji da ta ce ya tsaya.

Janar ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi a gabanta ba. Ya ce mata farmakin nan ba zai yiwu ba, kuma bai taɓa yiwuwa ba. Ya faɗa mata faɗin mashigin da irin nakiyoyin. Ya ce in an shiga, rabin kamfani na farko ba zai ga magariba ba. Sai ya ƙara da ɗaci, don ko a nan bai iya haɗiye ƙiyayyar ba:

"Kin ci, ranki ya daɗe. Abin da kike so ki ji ke nan tun ranar. Sai ki dakatar da wasan haka, kada a kashe yaran mutane don ki koya mini hankali."

Ta dube shi kamar bai yi magana da harshen da ta sani ba.

"Wane wasa?"

A lokacin ne ya gane. Fuskarta ta yi fari fat. Babu tarko, babu gwaji. Matar nan da yake ɗauka ta fi kowa wayo ta tambayi babban hafsan ƙasa ko abu zai yiwu, ya ce zai yiwu, ta yarda da shi. Man da ta nemo, takalman da ta tono, duk don ta taimaka masa ne ya yi abin da ya ce zai iya. Da ta gano shi ne tun farko, da ya fi masa sauƙi.

Ta tambaye shi dalilin da ya sa ya kawo mata hanyar da ya san kabari ce. Ba shi da mafita, sai ya ba ta labarin shagon mahaifinsa, da darduma uku, da yadda ake sa mai saye ya ɗauki ta tsakiya. Yana faɗa yana jin yadda labarin da yake ba hafsoshi suna dariya a gidan shayi ya koma wani abu dabam a cikin tantin nan. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta juya ga Kanar ta ce ta janye umarnin, a sauke mutane daga motoci yanzu, takarda za ta biyo baya. Ta ce daga yau duk wanda zai kawo mata shawara ya zo da wanda zai taka ƙasar da ƙafarsa, ta ji daga bakinsa. Kanar ya sara ya fita, ba da jimawa ba aka ji injinan motoci suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sa'an nan ta dawo kan Janar, kuma muryarta ba ta tashi ba. Ta ce zai miƙa aiki ga mataimakinsa kafin ƙarshen mako, za ta kai wa Firaminista maganar da kanta. Ta ce majalisa ita za ta tsaya a gabanta, don ita ta sa hannu, kuma ba ta saba ɓuya bayan kowa ba. Janar ya gyaɗa kai. Ya riga ya san wannan farashin tun yana kallon takalman nan, ya ɗauka kuma shi ke nan an gama. Ya mai da hularsa zai fita.

"Tsaya, Si Tuhami. Ranar Ain Salsala ma uku ka kawo mini. Wacce ce ta gaskiya?"

Ya so ya ce ta tsakiya. Amma ya tuna Munji ya roƙe shi a wancan lokacin a kewaye maɓuɓɓugar a jira, ƙishirwa za ta yi aikin. Shi ne ya ɗauki shawarar Munji ya sa mata tsumma ya ajiye ta a farko, don ba ya son jaridu su ce sojansa na zaune.

"Ta farko," ya ce.

Sai ta ba shi labarin wata tsohuwa mai suna Khala Mabruka, uwar wani kofur da ya mutu a Ain Salsala, ɗanta ɗaya tilo. Da Minista ta je ta'aziyya tsohuwar ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta kama hannunta ne ta tambaye ta ko babu wata hanya da za a bi ban da wadda ta cinye mata ɗa.

"Na dafa kanta na rantse mata da Allah cewa babu. Da bakinka na yi rantsuwar nan, Si Tuhami. Ƙauyenta yana kan hanyarmu. Shiga mota."

Ya ce shi da jirgi ya zo. Ta ce jirgin na babban hafsa ne, kuma har ƙarshen mako babban hafsa yana ƙarƙashin umarninta.

Suka ratsa filin bariki, ita a gaba shi a baya. Sojojin kamfani na farko suna sauke kaya suna shewa, sajen nan yana kiran matarsa ya ce ta bar neman makullin. Ba wanda ya san abin da aka yi a tantin, sai suka ƙame suka sara wa Janar da murna, ya ɗaga musu hannu da ƙyar. Ya shiga bayan motar ya zauna kusa da matar da ya fi tsana a duniya, ya ɗora hularsa a gwiwa. Suka yi ta tafiya har suka bar kwalta. Da suka iso mararraba direba ya rage gudu ya tambaya ko a karya ta hanyar ƙauyen, Minista ta ce a karya. Daga nesa ana hango wata tsohuwa zaune a ƙofar gida tana tsince 'ya'yan sanaubar a faifai, ta ɗaga kai tana kallon motar da ke tahowa.